Zauren Likita: na'urar da ke motsa hannu da wuta, magani ce?

Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu ke nan. Wani mai talla a tasha ya nuna mana na'ura mai batir, da ya ɗora wayoyinta a hannun Baba sai yatsu suka motsa. Ya ce tana tayar da jijiyar da ta mutu. In saya?

Allah ya ba Baba lafiya. Riƙe kuɗinka tukuna.

Motsin da ka gani gaskiya ne, amma ba sauƙi ba ne. Tun wajajen 1780 Luigi Galvani na Italiya ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan wuta ta taɓa ta. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya naɗa waya biyu a zoben ƙarfe, ya lura cewa kunna wuta da kashe ta a ɗaya yana haifar da wuta a ɗayar. A 1836 wani limamin coci a Ayilan, Nicholas Callan, ya ƙara yawan naɗin waya ta biyu, sai ga ɗan batir yana fizgar mutum. Daga nan likitoci suka karɓa. Duchenne na Faransa yakan ɗora wayoyi a kumatun wani dattijo, bakinsa ya buɗe kamar mai dariya alhali babu abin da ya faranta masa; hotunan sun fito a 1862. Ka ga ke nan tsoka tana amsa wuta ko ƙwaƙwalwa ta ba da umarni ko ba ta bayar ba.

Ciwon Baba kuwa a ƙwaƙwalwa yake. Masu gashin ƙashi a asibiti sukan yi amfani da irin wannan wuta, amma a gwargwade, tare da motsa jiki kullum da shan maganin hawan jini. Kuma ba a ɗora ta a wuya ko ƙirji, ba a sa wa mai na'urar bugun zuciya a jiki. Mai farfaɗiya da mai juna biyu sai da izinin likita.

Wata kuma ta ce: Likita, sau biyu aka yi mini hoton ƙirji bana, ina tsoron ya cutar da ni.

Ki kwantar da hankalinki. Abin mamaki, wannan naɗin wayar dai, samfurin da wani mai ƙera na'urori, Ruhmkorff, ya inganta a Faris a 1851, shi Wilhelm Röntgen ya haɗa da bututun gilashi a Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi (X-ray) a Nuwamban 1895. Matarsa ta ajiye hannu kusan minti 15 kafin ƙasusuwa da zobenta su fito. Yau ko daƙiƙa ɗaya ba a cikawa, kuma hasken hoton ƙirji guda bai wuce irinsa da jiki ke ɗauka daga ƙasa da iska cikin kwana 10 ba. In kina zargin ciki, faɗa wa mai ɗaukar hoton kafin ki shiga.

Wai da gaske ne an taɓa yin magani da kifi mai wuta?

Ƙwarai. A ƙarni na farko wani likitan Rum, Scribonius Largus, ya rubuta cewa a ɗora kifin teku mai jan mutum, kwatankwacin minjiryarmu, a kan mai ciwon kai har wurin ya daina jin komai. Zafin yakan lafa na ɗan lokaci, cutar kuma tana nan. Don Allah kada wani ya tafi bakin kogi gwaji.