Tambaya da Amsa: Yadda mutanen da suke kamo ɓarawon dabbobi

TAMBAYA: Malam, sannu da ƙoƙari. Na sha jin dattawa suna cewa a zamanin da, in aka kore wa mutum shanu da dare, kafin kwana biyu an cim ma ɓarawon, alhali babu waya babu mota. Wani abokina ya kafe cewa asiri kawai masu bin sawu suke yi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani manomi mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Na gode, ɗan'uwa. Ka gaishe min da abokin naka, amma ban goyi bayansa ba. Aikin ido ne da haƙuri, sai kuma doka da ta tsaya wa mai dabba.

Mai bin sawu da sanyin safiya yake fita, rana tana ƙasa-ƙasa, don a lokacin ne inuwa take kwanciya cikin sawun ya fito raɗau. Da rana ta take, ƙasa ta yi fari fat, sai gani ya yi wuya. Zai tsuguna ya dubi bakin sawun: in yana da kaifi sabo ne, in ya soma zubewa ko ƙwari sun ratsa ta kansa, to ya kwana. Ya taɓa kashin saniyar ya ji ko da sauran ɗumi. Saniya mai kiwo karkacewa take nan da can tana tsinkar ciyawa. Wadda ake kora kuwa miƙewa take yi, takunta ya ƙara tsawo, ga sawun mutum yana hawa kan nata. Kofato guda mai tsaguwa ya isa a ware ta daga cikin garke.

Su ma ɓarayin ba kanwar lasa ba ne. Sukan bi cikin rafi, ko kan dutse, ko su cusa dabbobin a sawun babban garke. A nan ake gane gwani: in rafi suka bi, sai ya raba jama'a gaɓa biyu, a yi ta bi har a ga inda kofato ya farke laka wajen fita. Bin sawu tsohuwar sana'a ce. Ya zo a Sahihu Muslim cewa da mutanen Uraina suka kashe makiyayi suka kore raƙuma, Manzon Allah (SAW) ya tura samarin Ansar kimanin 20, ya haɗa su da mai bin sawu, aka kuwa kamo su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokar, kuma ita ce ba a cika ba da labarinta ba. A Ingila, Sarki Athelstan da ya yi mulki daga 924 zuwa 939 ya hukunta cewa in aka bi sawun shanu har cikin filin wani, wajibi ne mai filin ya nuna inda sawun ya fita, in ya kasa zargi ya hau kansa. Ƙauyukan Punjab, yankin da ke Indiya da Pakistan a yau, ma haka suka yi: a kawo sawu iyakar gari, mutanen garin su fitar da shi gaba ko su ɗauki nauyin asarar. A kan iyakar Ingila da Sikotland kuwa, mai dabba yana da kwana 6 ya tsallaka da karensa da ƙahonsa, da wuta a tsinin mashi don kowa ya shaida biyo kayansa ya yi. To garin da ya san shi zai biya, yaushe zai rufa wa ɓarawo asiri?

Ba kullum ake dacewa ba, ruwan sama ɗaya yakan wanke komai. In haka ta faru sai a tare kasuwanni, ana duba alamar wuta a cinya da tsagar kunne. Shi ya sa a 1555 Ingila ta tilasta a rubuta cinikin kowane doki da aka sayar a kasuwa, da sunan mai saye da na mai sayarwa, da launin dokin.