'Yata ta ɗauki halin fitinannen birin da ke cikin littafinta, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta huɗu. Ina saya mata littattafai masu zane don ta koyi faɗin gaskiya da yin kyauta, tana kuma son su ƙwarai, har ta haddace wasu. Sai dai ban ga canji a halinta ba. Abin da ya fi damuna shi ne wani littafi na ɗan biri mai ƙwace wa 'yan'uwansa kayan wasa, wanda a ƙarshe ya tuba. Ita ƙwacen ta ɗauka, har da irin dariyarsa. Laifin littafin ne ko na yadda nake karanta mata? Wane iri ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani yana yawan faruwa, kuma galibi daga tsarin littafin yake tasowa. Ke rubutu kike bi, ita kuwa zane take karantawa. Yaron da bai iya karatu ba, idonsa na kan hoto daga buɗe shafi har a juya shi, saboda haka duk abin da mai zane ya ba wa fili da launi mai ɗaukar ido, shi ne labarin a wurinsa.

Ɗauko littafin birin ki ƙirga. Yawancin littattafan zane shafi 32 ne, domin a maɗaba'a ana buga shafi 8 ko 16 a kan babbar takarda ɗaya sannan a ninke ta. Idan aka cire shafin take da na bayanin mawallafa, labarin kan samu buɗi 12 zuwa 14, wato shafuka biyu-biyu masu kallon juna. To a buɗi nawa birin yake ƙwace, yana tsalle yana washe baki? A nawa aka nuna shi yana miƙa wa ɗan'uwansa abin wasa? Sau da yawa ɓarna kan cinye goma, tuba ta samu ɗaya tak, ita ma a rubuce, da jimla irin "daga ranar bai ƙara ba". Wannan jimla ba ta zanuwa. Yarinya ta ga ƙwace sau goma da idonta, tuba kuwa sau ɗaya ta ji ta da kunne, watakila ma barci ya fara ɗibarta. Kafin ki sayi littafi, ki bi hotunansa kaɗai ba tare da karanta ko kalma ɗaya ba. Darasin da kika fahimta daga hotunan, shi 'yarki za ta kwasa.

Sai batun dabbobi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada sun ba yara 'yan shekara 4 zuwa 6 sitika goma-goma, da damar su ware wa wani yaro wasu daga ciki. An karanta wa wasunsu labari a kan yin kyauta mai hotunan mutane, wasu kuma labarin nan dai amma da dabbobi masu magana, sannan aka sake ba su sitika da damar yin kyautar. Waɗanda suka ga mutane sun ƙara yawan abin da suke bayarwa, waɗanda suka ga dabbobi ba su ƙara ba. Ƙaramin yaro yana da wuya ya ɗauki abin da ya samu biri ya ɗora wa kansa. Kada wannan ya sa ki kwashe littattafan dabbobi ki ɓoye, suna sa dariya, suna ƙara wa yaro kalmomi, suna sa shi son littafi, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce. Amma idan wani hali takamaimai kike nema, ki samo littafin da ke nuna yarinya sa'arta tana aikata shi.

Game da gaskiya, akwai binciken da masanin halayyar yara Kang Lee da abokan aikinsa suka wallafa a 2014. An bar yara 'yan shekara 3 zuwa 7 su kaɗai a ɗaki, aka hana su leƙen wani abin wasa, sannan aka karanta musu labari kafin a tambaye su ko sun leƙa. Labarin yaro makiyayi da ya riƙa ihun ƙarya cewa kyarkeci ya zo, da na ɗan tsanan katako da hancinsa ke ƙara tsawo idan ya yi ƙarya, ba su ƙara wa yaran gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne na George Washington, shugaban Amurka na farko, da aka ce yana yaro ya amsa laifin sare bishiya, mahaifinsa ya yaba masa. Da aka sauya ƙarshen labarin ya koma kan hukuncin maƙaryaci, tasirin ya ɓace. A ganinmu dalilin a fili yake: yaron da ya riga ya yi laifi, labarin azaba tsoro yake ƙara masa, mai tsoro kuwa ɓoyewa yake yi. Ki fi karkata ga littafin da mai gaskiya ke samun runguma a cikin hoto.

Yadda kike karantawa ma yana da nasa kaso. Akwai wata hanya da masanin halayyar yara Grover Whitehurst da abokansa suka fito da ita a 1988, inda babba ke mayar da karatu hira. Ki tsaya a kan hoto ki yi tambaya: "Dubi fuskar wannan ƙaramin, me ya same shi?" Idan ta ce "kuka yake", ki gaskata ta, ki ƙara mata kaɗan: "Haka ne, kuka yake don an ƙwace masa motarsa." Sai ki sa ta maimaita. Tambaya biyu ko uku ta isa a littafi ɗaya, kuma a karatun farko ki bar labarin ya tafi ba tsayawa, don idan tambaya ta yi yawa, hira ta zama jarrabawa. Minti 10 zuwa 15 a kullum ya fi awa guda a ƙarshen mako. Haddar da ta yi ma alama ce mai kyau, maimaici ne ke zaunar da kalma, don haka idan ta nemi littafi ɗaya sau ashirin, ki karanta mata.

Littattafan da hotunansu ke miƙewa idan an buɗe, ko masu abin ja da maɓallin ƙara, na wasa ne. Hankalin yaro kan tafi ga hannunsa ya bar labarin.

Shi kuwa littafin birin, ba sai kin jefar da shi ba. Ki daina yi wa birin murya mai daɗi a wurin ƙwace, ki karanta wurin da muryarki ta kullum, ki sa yatsa a kan fuskokin waɗanda aka ƙwace wa. Idan kun kai ƙarshe, ki ba ta takarda da fensir mai launi ta zana shafin da mai littafin ya bari, wato birin yana mayar da kayan. Kuma ranar da ta miƙa wa wani abin wasanta da kanta, ki faɗa mata nan take abin da kika gani: "Kin ba shi motarki, dubi yadda yake murna."