Wai da gaske Windows 11 na ɗaukar hoton duk abin da nake yi? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, saƙonnin da ke shigo min kusan duk a kan abu ɗaya suke, wasu sun hau Windows 11 suna ta mita, wasu kuma tsoron hawa suke yi saboda abin da suka ji. Na tsinto guda huɗu a ciki, sauran ku yi haƙuri.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Malam barka da aiki. Don Allah wani saƙon murya ake ta yawo da shi a guruf ɗinmu wai sabuwar Windows tana ɗaukar hoton duk abin da mutum ke yi a kwamfuta tana turawa Amurka har da shigarsa banki, ni kuma yarona ya sa min ita a HP ɗina ta hannu da nake lissafin shago da ita. In sa a goge ne?

Alhaji kwantar da hankalinka, kar a goge komai tukuna. Ruwa dai ba ya tsami banza, maganar tana da tushe, amma mai saƙon muryar ya ƙara mata gishiri da yawa.

Abin da yake nufi sunansa Recall. A watan Mayun 2024 Microsoft ta sanar da shi, aikinsa shi ne bayan 'yan daƙiƙoƙi ya ɗauki hoton sikirin ɗinka ya ajiye, ya karanta rubutun da ke ciki, ta yadda in ka manta inda ka ga wani farashi ko wata takarda makonni biyu da suka wuce sai ka rubuta kalma ɗaya ya zaƙulo maka. A baki abin daɗin ji. To amma ko fitowa bai yi ba masana tsaro suka yi masa ca, wani mai bincike ɗan Ingila Kevin Beaumont ya nuna cewa rubutun da yake tarawa yana zaune ne a fayil ɗaya ba tare da wani kullin kirki ba, duk ɓarawon da ya samu shiga kwamfutar zai iya kwashe tarihin wata da watanni cikin ƙiftawar ido, har wani ma ya haɗa 'yar manhaja mai suna TotalRecall don ya nuna yadda abin ke da sauƙi. Hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ce za ta tuntuɓi kamfanin. Cikin watan Yuni Microsoft ta ja da baya, ta ɗage fitar da shi, sai a Afrilun 2025 ya iso hannun jama'a bayan an sake masa gini: yanzu a kashe yake zuwa sai kai ka kunna da hannunka, an kulle hotunan, kuma ba ya buɗewa sai ka tabbatar da kai ne ta Windows Hello, wato fuska ko yatsa ko lambar sirri. Hotunan a cikin kwamfutar suke zama, abin da kamfanin ya ce ke nan. Duk da haka ba kowa ya yarda ba, manhajar saƙonni ta Signal da burauzar Brave duk sun toshe shi daga ganin abin da ke cikinsu, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Amma ga inda maganarka take Alhaji. Recall ba ya aiki sai a sababbin kwamfutocin da suke kira Copilot+ PC, masu wani ɗan ƙwaƙwalwa na musamman a ciki da ake kira NPU, da RAM aƙalla 16GB. HP ta hannu irin waɗanda ke cika shagunanmu, EliteBook da ProBook na shekara shida bakwai baya, ko ka roƙe ta ba za ta iya ba. In kana so ka gani da idonka shiga Settings, ka danna Privacy & security, ka duba ko akwai wurin da aka rubuta Recall & snapshots. In babu to babu shi ke nan.

Abin da ni zan so ka tambayi yaron naka shi ne a ina ya samo Windows ɗin da ya sa maka, kuma da me ya kunna ta. Don yawancin wadda ake sa wa mutane a filas ta bayan fage ce, ana haɗa ta da wata 'yar manhajar fasa lasisi da aka sauko daga inda Allah kaɗai ya sani, kuma sau da yawa kafin ta yi aiki sai an kashe antibairos. Mutumin da ke shiga banki da wannan kwamfutar, wallahi wannan ya fi Recall zama abin tsoro a gare shi.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Malam na kai laftop ɗina gyara aka sa min Windows 11, yanzu kullum tana nuna min wai OneDrive ya cika, kuma sunan da ke fitowa in na kunna ba nawa ba ne. Mene ne abin yi?

Malama wannan tambayar taki ita ce ta fi tayar min da hankali a cikin duka, don na taɓa ganin irinta a gidanmu. Wata ƙanwata ce ta kai tata wani shago aka sake mata Windows, bayan kamar wata guda ta kawo min wai tana yi mata nauyi, ina buɗewa na ga ɗan hoton gajimare shuɗi na OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft da ke intanet, a ƙasa ta dama kusa da agogo da jan alama a kansa, na danna sai ga imel ɗin wani namiji da ba mu sani ba. Hotunan bikin yayarta, hoton katin NIN ɗinta, takardun makarantarta, duk sun hau can. Ba na ce mai gyaran da mugun nufi ya yi ba, mai yiwuwa sauri yake ga layi na jiransa, amma sakamakon ɗaya ne, in ya buɗe asusun nan a wayarsa duk zai gani.

Ga yadda abin ke faruwa. Windows 11 in ana saita ta daga farko tana nacewa sai an haɗa ta da intanet an shiga da asusun Microsoft, kuma kamfanin yana ta toshe hanyoyin da masu gyara ke bi suna tsallake wannan matakin, wannan ma yana cikin abin da mutane suka fi ƙorafi a kai a duniya baki ɗaya. To mai gyara bai san imel ɗinki ba, ke kuma kin tafi gida, sai ya sa nasa ko na shago. Da an shiga, OneDrive zai iya fara kwasar abin da ke Desktop da Documents da Pictures yana ɗorawa a asusun, kyautarsa kuma 5GB ce kawai shi ya sa kika ga ya cika.

Kar ki yi gaggawar goge komai, nan ne mutane ke yin asara. Da farko ki samu filas ko hadis na waje ki kwafe duk fayilolinki, ki buɗe wasu daga ciki ki tabbatar suna buɗuwa, don wanda ke da alamar gajimare a gefensa sunansa kawai ke kwamfutar, ainihinsa yana can sama sai an sauko da shi. Bayan nan ki koma wurin mai gyaran da kanki, a gabanki a goge kayanki daga OneDrive ɗinsa har da kwandon shara na ciki, sannan a cire haɗin. Sai ki shiga Settings, Accounts, Your info, ki mayar da ita asusun cikin gida, wato wanda ke kan kwamfutar kawai ba ruwansa da imel, ko ki sa naki imel ɗin.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba. Daga sigar 24H2 Windows 11 takan kulle hadis ɗin kwamfuta da BitLocker da kanta in an yi sabon sawa aka shiga da asusun Microsoft, makullin kuma lambobi ne guda 48 da ake ajiyewa a wancan asusun. Ranar da aka taɓa wani abu a cikin kwamfutar ta tashi da shuɗin sikirin tana neman lambobin nan, in suna asusun wani da ya bar gari ko ya manta faswod ɗinsa, to sai dai haƙuri, babu injiniyan da zai buɗe miki. Saboda haka tun kina wurinsa ki sa ya fito miki da su ki rubuta a takarda ki adana a gida.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sakkwato: Yaya ni fa na gaji, data ɗina ba ta kwana tunda na koma 11, kuma abokina ya ce ai leƙen asirin da take yi ne ke cinye ta. Ni da Windows 10 ban taɓa ganin haka ba, ta fi mutunci.

Ƙanina ka ban dariya da ka ce ta fi mutunci, da alama kana ƙarami lokacin da ta fito. Ranar 29 ga Yulin 2015 aka saki Windows 10 kyauta ga masu 7 da 8.1, kuma irin zagin da 11 ke sha yau ita ma ta sha shi har ya fi. Akwai Cortana, mataimakiyar nan da ake yi wa magana da murya, da ke son sanin komai naka, akwai Wi-Fi Sense da ke iya raba shiga wayarles ɗinka da abokanka na Skype da Outlook da Facebook har sai da aka cire wannan ɓangaren a 2016, ga apdet na dole, ga wani ɗan akwati da ke damun mutane su hau 10 wanda a wani lokaci ko ka danna alamar rufewa sai ya ɗauka ka amince. A Yulin 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, CNIL, ta ba Microsoft wata uku ta rage yawan bayanan da take kwasa, a 2017 ta Holan ma ta ce an saɓa dokarta. Wannan matsin na cikin abin da ya sa aka ƙara gyara maɓallan kashewa da muke amfani da su yanzu. Wato dai waɗanda ke kukan rabuwa da 10 yau, da yawansu su ne suka rantse ba za su bar 7 ba.

Batun data kuma abokinka bai faɗi daidai ba. Eh Windows tana tura bayanai game da lafiyar na'ura da yadda ake amfani da ita, kuma a Home da Pro ba ka iya kashe na dolen gaba ɗaya sai dai ka rage, amma wannan ba shi ke shanye maka data ba. Masu shanyewa su ne apdet da kan kai gigabait da yawa, da OneDrive, da manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye, da labaran da ke cikin Widgets ɗin nan na gefen hagu. Ita kwamfuta in ka haɗa ta da hotspot ɗin wayarka ba lallai ta gane cewa da kuɗin abincinka ka sayi datar ba. Ka shiga Network & internet, ka buɗe bayanan wayarles ɗin da kake kai, ka kunna Metered connection, wannan kaɗai zai rage maka fiye da yadda kake zato. Sannan a Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, ka kashe barin wasu kwamfutoci su karɓi apdet ta wurinka. In ka gama ka leƙa Privacy & security ka kashe lambar talla da ake bin ka da ita, ka shiga Diagnostics & feedback ka kashe tura bayanan zaɓi. Amma fa kar ka ce ka daina apdet kwata-kwata, in ka samu wayarles na makaranta ka bar ta ta sha ta ƙoshi.

Tambaya daga mai shagon buga takardu a Gombe: Malam kwamfutocina uku duk sun ce ba za su ɗauki 11 ba. In ci gaba da 10 ɗin ko in sa Linux kamar yadda wani ya ba ni shawara?

Maigida duba lambar furosesa ɗinka tukuna. In ka ga irin i5-6300U ƙarni na shida ne, 11 kuma daga na takwas take karɓa irin i5-8250U, tare da TPM 2.0, wato wani ɗan ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar. Wani lokacin na'urar tana da TPM ɗin a kashe yake kawai a BIOS, wato saitunan na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, a duba wannan kafin a yanke hukunci. Ana iya tura mata 11 ta ƙarfi, mutane na yi, sai dai Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin apdet ga irin waɗannan ba.

Windows 10 ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi tana aiki, gyaran ramukan tsaro ne aka daina ba ta. A 2025 Microsoft ta buɗe shirin ESU na ci gaba da ba da gyaran tsaro, wanda ya ƙara wa masu amfanin gida shekara ɗaya zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko dai dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka yarda ka shiga da asusun Microsoft ka ɗora saitunanka a can, ka ga an sake dawowa kan asusun da mutane ke gudu.

Linux Mint, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, tana da kyau kuma tana tashi da sauri a tsofaffin na'urori, ga wanda aikinsa burauza ne da rubutu ina ba shi shawararta ba tare da shakka ba. Amma kai da CorelDraw kake cin abinci, ga firinta da sikana da wataƙila direbansu na Windows ne kawai, kar ka juye duka ukun rana ɗaya ka wayi gari kwastoma na tsaye. Gwada ta a ɗaya daga filas ba tare da ka sa ta ba, ka ga ko firintarka za ta amsa. Wadda ake zane da ita kuma in dole ta zauna a 10 to a cire ta daga intanet.

Sai abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Kusan duk shagon buga takardu da na shiga, Desktop ɗinsu cike yake da silif na NIN da sakamakon jarrabawa da fasfo na mutane, Downloads kuma ba a magana, wani ma WhatsApp ɗinsa na nan a buɗe a burauza tun jiya bai fita ba. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma kai ma mai riƙe da bayanan mutane ne. Ka sa yaranka su riƙa share waɗannan wuraren biyu da kwandon shara kullum kafin a rufe shago, kuma duk wanda ya shiga WhatsApp ko imel ɗinsa a tuna masa ya fita kafin ya tashi daga kujera.