Amsa ga mai son shiga gasar waƙa ta bikin adabi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce bikin adabi na yankinku ya buɗe gasar rubutacciyar waƙa, ba ki taɓa shiga ba, kina tambaya ko za ki iya tura wata daga cikin waƙoƙin da kika sa a Facebook, da kuma me alƙalai ke dubawa. Na sha shiga irin wannan gasa, na kuma taɓa taya masu shiryawa tace waƙoƙi kafin a miƙa wa alƙalai.

Ta Facebook ki bar ta inda take, ki rubuta sabuwa. Gasanni da yawa suna gindaya sharaɗin kada waƙa ta taɓa fita, kuma sanyawa a shafin sada zumunta fita ce a wurinsu. Ki bi sauran sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya: jigo, iyakar baitoci, ranar rufewa. Idan an ce a ɓoye suna, to har baitin ƙarshen nan da marubuta suka saba ambatar kansu a ciki ki cire shi. Na ga waƙa mai daɗi ta faɗi tun a wurin tacewa saboda wannan kaɗai, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Inda nake so ki fi ba ƙarfi shi ne kari, wato ma'aunin da ke daidaita tafiyar sautin waƙa. Yawancin sababbin shiga suna zaton in ƙarshen ɗangwaye, wato layukan baiti, ya zo da amo ɗaya an gama waƙa, alhali amsa-amo daban, kari daban. Kari yana zaune ne a kan nauyin gaɓa. Baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi. Baƙi da dogon wasali, ko gaɓar da ta rufe da baƙi, mai nauyi ce. Matsalar ita ce rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, sai ido ya ce miki ɗango ya daidaita, kunne ya ce ya karye. Don haka ki rera ta da baki, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Duk inda kika ji kin ja kalma ko kin haɗiye ta don ta shiga, alƙali ma a nan zai yi tuntuɓe. Ki zaɓi kari ɗaya ki tsaya a kansa. Karin da ake kira Mutaƙarab yana da sauƙin kamawa: marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, a yi ta maimaitawa.

Ni a ganina mai farawa ta ɗauki ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu. Ƙwar biyar, mai ɗango biyar a baiti, tana da armashi, amma tana son ɗangwaye huɗu na farko su haɗu a ƙaramin amsa-amo, na biyar ya riƙe babban amsa-amon har ƙarshen waƙa. Wanda bai goge ba sai ya fara cusa kalmomin da ba su da aiki don kawai ya cike gurbi, kuma alƙalai suna gane ciko nan take.

Game da jigo kuwa, in an ce zaman lafiya, kusan kowa zai rubuto nasiha cewa zaman lafiya abu ne mai kyau. Alƙali ya karanta irinta har ya gaji. Ki kama abu ɗaya da idonki ya gani, mutum ɗaya ko dare ɗaya, ki gina baitocin a kansa.

Kafin ki tura, ki duba ko masu gasar izinin bugawa a kundinsu kawai suke nema, ko haƙƙin mallakar waƙar gaba ɗaya. Na biyun ba na ba ki shawarar amincewa da shi. In kin gama rubutawa kada ki sa ta a nan zauren, don kada a ce ta riga ta fita. Ki turo mini ta keɓe, mu auna karin tare.