Tambayoyinku Kan Fasaha: A Ina Za a Gwada Manhajojin da Ke Aiki Tare?

Tambaya daga Kaduna: Malam, muna da manhajoji uku, ɗaya tana karɓar oda, ɗaya tana cire kuɗi, ɗaya kuma tana tura saƙon tes, suna miƙa wa juna aiki ta RabbitMQ, manhajar da ke jera saƙonninsu a layi. Zan iya gwada gyare-gyarena a kan sabar da kwastomomi suke amfani da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kuskura. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a irin wannan tsari saƙon gwaji ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Da zarar ya shiga layi, manhaja ta biyu za ta ɗauke shi ta cire kuɗi na gaske, ta uku kuma ta tashi wani bawan Allah daga barci da saƙon odar da bai yi ba.

Kwamfutarka ta ishe ka. Ka saka Docker, manhajar da ke tayar da kowace manhaja a cikin keɓaɓɓen wurinta da ake kira kwantena, ka jera manhajojin uku da RabbitMQ da PostgreSQL (rumbun adana bayanai) a cikin fayil ɗaya mai suna compose.yaml, sannan ka tayar da su da "docker compose up". Idan ka gama, "docker compose down -v" zai share bayanan gwajin kaf. Wajen biyan kuɗi ka yi amfani da mabuɗin gwaji, wanda a Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, yake farawa da sk_test_, sannan ka sa WireMock, mai kwaikwayon amsoshin wata sabar, ya tsaya a madadin kamfanin tura saƙon tes.

Ni kuwa ba na yarda da kowane gwaji sai na saka Toxiproxy, manhajar kwaikwayon matsalar intanet, a tsakanin manhajojin na jinkirta saƙo da daƙiƙa 10, ko na yanke layin ana tsakiyar biya, domin haka intanet ɗinmu yake yi kullum. A nan ne za ka gane ko manhajarka tana cire kuɗi sau biyu idan saƙo ya maimaitu.

Tambaya daga Zariya: Manhajata da ke cikin Docker ba ta ganin RabbitMQ a localhost, wato adireshin da na'ura ke kiran kanta da shi.

Amsa: 'Yar'uwa, a cikin kwantena, localhost yana nufin kwantenar kanta ce. Maimakon localhost, ki rubuta sunan da kika ba RabbitMQ a compose.yaml tare da lambar ƙofarsa, misali rabbitmq:5672.

Tambaya daga Maraɗi: Docker ya ƙi tashi a Windows 11.

Amsa: Ka shiga BIOS, wato saitunan da ake buɗewa yayin kunna kwamfuta, ka kunna Intel VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba ta damar ɗaukar wata kwamfutar kwaikwayo a cikinta, sannan ka buga "wsl --install" a PowerShell, tagar buga umarni ta Windows, da izinin mai kula da kwamfuta, ka kashe ta ka kunna.