Mayen ƙarfe ya kama cokali ɗaya ya ƙi ɗaya: da shi ake gane zinare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mayen ƙarfe guda biyu da na ciro daga tsohuwar lasifika. Idan na haɗa su sai su manne, in na kife ɗaya kuma sai su riƙa ture juna, amma ƙusa ko ta wane gefe na kawo ta sai ya cafke. Na kuma gwada shi a kan cokula biyu na silba, ya kama ɗaya ya ƙi ɗaya. Me ke jawo haka? Sannan an ce mini da shi ake gane zinaren gaske, shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da ture juna, don shi ne mai sauƙi. Kowane mayen ƙarfe, wanda wasu ke kira maganaɗisu, yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Arewa da kudu suna jan juna, arewa da arewa ko kudu da kudu suna ture juna. A irin zoben da ke bayan lasifika, kawunan suna kan faffaɗan fuskokin nan biyu ne, shi ya sa kifewa ke sauya lamarin. Ko ka fasa shi biyu ba za ka samu arewa ita kaɗai ba, kowane ɓari zai fito da nasa kawuna biyu.

Ƙusa ba ta da kai nata na dindindin. A cikin baƙin ƙarfe akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne ɗan mayen ƙarfe ne a karan kansa, sai dai kowa ya fuskanci inda ya ga dama, ƙarfin wannan yana kashe na wancan. Da mayen ƙarfe ya matso sai su jeru kamar mutanen da aka ce su yi sahu. Idan kan arewa ka kawo, bakin ƙusar da ke kusa ya zama kudu, idan na kudu ka kawo, ya zama arewa. Kullum kishiya ce ke fuskantarsa, saboda haka kullum ja ne, babu turi. Daga nan za ka samu hanyar tantancewa: abin da mayen ƙarfe ya ja, mai yiwuwa ƙarfe ne kawai, amma abin da ya ture shi da ƙarfi ta wani gefe, shi ma mayen ƙarfe ne.

A cikin sanannun ƙarafa, uku ne ke da wannan hali a zafin ɗaki: baƙin ƙarfe, nikel da kobalt. Jan ƙarfe, tagulla, dalma, tutiya, azurfa da zinare ba sa kamuwa. Alminiyam yana jawuwa, amma kaɗan ƙwarai, hannu ba zai ji ba. Ruwa da jan ƙarfe da zinare ma har ɗan ture mayen ƙarfe suke yi, halin da Michael Faraday ya bayyana a 1845, sai dai shi ma kaɗan ne ƙwarai, hannu ba zai ji ba.

Batun cokulan shi ya fi rikita mutane, domin dukansu biyu mafi yawan jikinsu baƙin ƙarfe ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa iri-iri ne. Akwai mai lamba 430, wanda ke da kiromiyam wajen kashi 17 cikin 100 kuma kusan babu nikel, wannan yana kamuwa sosai. Akwai mai lamba 304, mai kiromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, wannan ba ya kamuwa. Abin mamakin, nikel shi kansa yana kamuwa, amma da ya shiga cikin haɗin sai ya sauya yadda ƙwayoyin ƙarfen ke jeruwa, kuma a wannan sabon jeri yankunan nan ba sa samuwa. Duba bayan cokulan naka. In ka ga 18/0, shi ne mai kamuwa, in ka ga 18/8 ko 18/10, shi ne mai ƙi. Kada ka yi mamaki idan mai ƙin ya ɗan kamu a wurin lanƙwasa ko a baki, domin bugu da matsa a masana'anta kan mayar da wani sashe na jerin zuwa irin mai kamuwa. Kuma kada a ɗauka wanda ya kamu jabu ne. Wuƙaƙe masu kyau suna kamuwa, tukunyar da za a ɗora a kan murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu ma dole gindinta ya kamu, in ba haka ba yawancin irin waɗannan murhu ba za su ɗumama ta ba.

To sai zinare, kuma a nan muke so ka natsu, don mutane na yin asara a kan wannan magana. Rabin gaskiya ce. Idan mayen ƙarfe ya cafke jikin sarƙa ko zobe, to akwai baƙin ƙarfe ko nikel mai yawa a ciki, ba tsantsar zinare ba ne. Amma ƙin kamuwa ba ya tabbatar da komai, saboda yawancin jabu tagulla ce ko jan ƙarfe aka yi wa ruwan zinare, su ma ba sa kamuwa. Haka kuma ka gwada jikin sarƙar, ban da maƙallinta, don a cikin maƙalli akwai ɗan sifirin na ƙarfe, yakan kamu ko da sarƙar ta gaske ce.

Abin da ya fi mayen ƙarfe amfani a nan shi ne nauyi. Dunƙulen tsantsar zinare mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri giram 19.3 ne, na jan ƙarfe wajen 9, na tagulla wajen 8.5. Auna kayan a sikeli mai nuna ɗigon giram. Sannan ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka mayar da shi sifiri, ka rataye kayan da zare su nutse ba tare da sun taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Raba nauyin farko da lambar da ta fito. Zinare mai karat 22 zai ba ka 17 da wani abu, mai karat 18 wajen 15 zuwa 16, tagulla ba za ta kai 9 ba. Kumfar iska da ta maƙale, ko dutsen ado, ko kaya mai rami a ciki, duk suna ɓata lissafin. Akwai kuma wani ƙarfe, tangistin, mai nauyin 19.25, wanda ke tsallake wannan gwaji, don haka kaya mai tsada a kai shi wurin masu na'urar gwaji.

Ga azurfa akwai wata dabara mai kyau. Karkata sandar azurfa ko faranti mai kauri kamar digiri 45, ka sa ƙaramin mayen ƙarfe mai ƙarfi a sama ka sake shi. Zai sauko a hankali kamar ana riƙe shi. Motsinsa ne ke haifar da lantarki mai zagaye a cikin azurfar, lantarkin kuma ya haifar da ƙarfin da ke adawa da motsin, dokar da Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. A kan dalma zai zame da sauri. Sai dai jan ƙarfe da alminiyam su ma suna rage masa gudu, don haka jan ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa zai ci wannan gwaji.

Irin naka na lasifika, baƙi mai kama da kasko, feraiti ne, ƙarfinsa matsakaici, ba zai nuna maka wannan sosai ba. Na niyodimiyam ake so, mai ƙyalli, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980 daga niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron. Ya fi feraiti ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba ya jure zafi: irin na gama-gari yakan fara rasa ƙarfinsa na dindindin da ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, alhali feraiti kan yi aiki har wajen 250. Kada a yi walda kusa da shi. Baƙin ƙarfe kansa a digiri 770 yake daina kamuwa, in ya huce ya dawo. Shi ya sa maƙera ke taɓa ƙarfen da ya yi ja a wuta da mayen ƙarfe don sanin ya kusa kaiwa zafin da za a tsoma shi.

Idan ka ga mayen ƙarfe ya kasa riƙe abin da aka ce zai ɗauka, yawanci tazara ce. Fenti mai kauri, tsatsa ko takarda a tsakani suna rage riƙo sosai. Falle mai siriri shi ma ba ya ba da cikakken riƙo. A jikin bango kuwa, inda nauyi ke zamar da shi ƙasa, abin da zai riƙe ƙaramin kaso ne kawai na wanda aka rubuta.

A yi hattara da na niyodimiyam. Manya suna matse yatsa, in sun haɗu da ƙarfi kuma suna farfashewa su yi tsartuwa, don haka a zamar da su gefe wajen rabawa, kada a fizga. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ya bar aƙalla santimita 15 tsakanin mayen ƙarfen da ƙirjinsa. Ƙananan kuwa a ɓoye su daga yara. Yaron da ya haɗiye biyu ko fiye, za su iya kama juna ta bangon hanji su huda shi, saboda haka a kai shi asibiti nan take ko da bai nuna alamar ciwo ba.