Tambayi Likita: An ce garkuwar jikin ƙanwata ce ke kumbura mata ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata 'yar shekara 19 ta yi zazzaɓi da ciwon kai. Bayan mako biyu ta daina barci, tana ta surutai, bakinta na motsi kamar mai tauna, sai kuma jijjiga. A gida an ce iskoki ne. A asibiti sun ce garkuwar jikinta ce ke kumbura ƙwaƙwalwa, alhali hoton MRI bai nuna komai ba. Yaya abin yake? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Alamun nan sun yi kama da nau'in kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA, wanda aka fayyace a 2007, kuma ya fi kama yara da 'yan mata. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta afka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kada MRI ya ruɗe ku, sau da yawa lafiya lau yake fitowa. Ruwan da ake zuƙowa daga ƙashin baya shi ke tabbatar da cutar, gwajin EEG, mai auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma ya taimaka. Tilas a fara kawar da zaton sanƙarau, maleriyar ƙwaƙwalwa da ƙwayar herpes, shi ya sa ake soma acyclovir, maganin herpes, tun kafin sakamako ya fito.

Idan zato ya yi ƙarfi, ba a zaman jiran sakamako. Ana ba babban mutum methylprednisolone, maganin rage kumburi, giram 1 ta jijiya kullum, kwana 3 zuwa 5, tare da IVIG, wato sinadarin garkuwa da ake tacewa daga jinin masu lafiya, giram 0.4 ga kowane kilo na nauyinta kullum, kwana 5, ko a tace mata jini. In ba sauƙi bayan kamar mako biyu, sai a koma rituximab, maganin da ke danne garkuwar jiki, amma a gwada ciwon hanta nau'in B tukuna, domin maganin yana tayar da shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne hoton mara. Wani ƙari mai suna teratoma a jakar ƙwai kan haddasa cutar, kuma cire shi na cikin magani. A yi hattara da haloperidol, maganin taɓin hankali, yana iya sandarar da ita, jiki ya ɗau zafi. Ku yi addu'a, amma a gadon asibiti, don numfashi kan yi rauni ba zato.

Sauƙi a hankali yake zuwa, wani lokaci har shekara biyu. Kusan 8 cikin 10 na waɗanda aka yi wa magani suna murmurewa sosai. Cutar takan dawo wa wasu, don haka da kun ga barcinta ko halinta ya sake canzawa, ku koma asibiti a ranar.